Ubale Na Cikin Buta

Unguwar Yara, Keffi
9 ga Maris, 1980

Zuwa ga 'yata Zulaihatu, a Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata, ƙawata Madina. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har yana takawa masallacin Juma'a da kansa. Yayanki ya zo daga Jos ya kwana biyu ya koma.

Godfrey direba ya kawo mini saƙonki da baki, cewa kina da juna biyu, kuma haihuwar sai bayan Babbar Sallah. Na yi murna har na kasa cin tuwo. Allah ya raba lafiya. Kada ki ɗauki bokiti cike, kuma ki daina tsayuwa a aji tun safe har azahar, ai akwai kujera a makarantar.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Idan ciki ya yi nauyi, babba wurin kaka yake zuwa. Haka aka yi da yayanki, haka aka yi da ni. Ina so a kawo mini Madina. Amma Godfrey ya ce ya ji maigidanki yana cewa Legas za a kai ta, wurin ƙanwarsa, saboda yarinyar ba ta jin Hausa. Ban ga laifinsa ba. Ban manta zuwanku na bara ba, da na miƙa mata hannu na ce zo ƙawata, ta shige bayan zanenki ta yi ta kuka. Ta faɗi wata magana da Turanci, yaran gida suka yi dariya, aka rasa wanda zai fassara mini. Har yau ina tunanin me ta ce.

Na saya mata ƙaramar tabarma da kwano mai fure tun lokacin, suna nan a ƙarƙashin gado. Ni da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, na san wuyar abin da aka bari sai da latti. Kada a bar ta ta girma ba ta san maganar kakarta ba.

In za ki amsa, ki rarrabe baƙaƙen. Rubutunki yana haɗewa kamar jerin tururuwa. Wancan karon sai da na kai wa Malama Caroline da ta koya mana, ni kuwa ba na so wani ya riga ni jin maganar 'yata.

Innarki,
Hauwa'u

*

Fatakwal
2 ga Afrilu, 1980

Inna,

Ina gaishe ki da Baba da mutanen gida duka. Muna lafiya, jikina kuma da sauƙi, sai ƙin warin kifi, a garin da ko iska warin kifi take yi.

Abin da Godfrey ya ji gaskiya ne, amma bai ji ƙarshen maganar ba. Baban Madina ba ƙin kawo ta yake ba, tsoro yake ji. Ya ce yarinya 'yar shekara uku, in cikinta ya yi ciwo a Keffi, da wane baki za ta faɗa? Mun yi ta magana har ya ce in kafin Babbar Sallah ta iya gaisuwa, ta iya neman ruwa, ta iya faɗin inda ke mata ciwo da Hausa, shi da kansa zai kawo miki ita. In ba haka ba, Legas.

Ina ƙoƙari, Inna. Amma ina wuni a makaranta, shi yana matatar mai, yaran maƙwabta duk buroka suke yi, wato Turancin kasuwa. In na yi mata Hausa sai ta kalle ni kamar na yi tari. Abu ɗaya ke zaunar da ita, katun, wato 'yan zanen nan masu motsi da ake nunawa a talabijin da yamma.

Shi ne na tuna wani abu. Lokacin da muke Kaduna, Baba yana tuƙin motar ma'aikata, muna shiga ɗakin Maman Boaz kallo. Akwai wani katun da muke gani wanda Hausa yake yi. Wata 'yar dabba ce gajera mai tumbi, kamar bushiya, tana riƙe da lema, gidanta cikin buta. Sai wani dogo siriri mai tsintsiya da kullum yake neman ta. Dogon sunansa Akawu. Gajeren, in ban manta ba, Ubale, irin sunan Baffa. Akwai waƙar da ake yi in za su fara, na tuna farkonta kawai: gurzo gurzo dawa.

Na tambayi malaman makarantarmu, har da wanda ya girma a Kaduna, sun ce ba a taɓa yi ba. Baban Madina ya yi dariya har ya ƙware, ya ce yaushe Bature ya zana Ubale. Amma ni na ji da kunnena. In na samu ainihin sunansa zan rubuta wa gidan talabijin na nan in roƙa su nemo shi. Na tabbata in Madina ta ga katun yana Hausa, za ta bi shi.

Don Allah ki tuna mini. Abin nan ya hana ni barci. Ko ina tsakiyar aji sai in ji muryarsa a kunnena.

'Yarki,
Zulaihatu

*

Unguwar Yara, Keffi
13 ga Afrilu, 1980

Zulaihatu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ke ce ban sani ba.

Na karanta takardarki sau da yawa, kuma kullum a wuri ɗaya nake tsayawa. Kin ce ba kya barci, kin ce kina jin muryar wata dabba a kunnenki da rana tsaka. Mace mai ciki, a bakin ruwa, a garin da ba dangi. Tun yaushe abin ya fara? Yana kiran sunanki? In ya kira kada ki amsa. Kada ki fita da magariba, kada ki zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bismilla.

Ban gaya wa babanku ba don kada hankalinsa ya tashi. Na je wurin Malam na bayan masallaci na karɓo rubutu. Yana cikin kwalbar da Godfrey zai ba ki, na naɗe ta da tsumma. Ki sha safe da yamma ki shafa a kunnuwan.

Akwatin talabijin na Dokas, Maman Boaz, na tuna shi. Mijinta Malachi ya saya wurin wani Bature da zai koma gida. Amma ni ba kallo nake ba, bakin ƙofa nake zama ina ɓarar agushi. Abin da na riƙe na Kaduna shi ne sauro, da cikin ƙaninki, da jiran babanku ya dawo daga hanya. Zanen Bature kuwa ba ya Hausa, wannan ko ni na sani. Waƙar da kika rubuta na bi ta baƙi bayan baƙi, ba ta ce mini komai ba.

Kuma ki daina haɗa sunan Baffanki da dabba. Alhaji Ubale ne yanzu, mai motocin yashi, ƙanin ubanki. In takarda ta faɗa hannun wani fa?

Ki amsa da wuri.

Innarki

*

Unguwar Yara, Keffi
25 ga Mayu, 1980

Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki, tunda ke kin ƙi faɗa. Ruwa ya sauka, an yi shuka, mangwaro ya ƙare, ba takardarki. Kullum na ji ƙarar babbar mota sai in leƙa. Yanzu kuwa motoci ba sa yankewa, duk suna wucewa da siminti wajen sabon birnin da ake ginawa, wuyana har ya gaji.

Da zama ya gagare ni sai na ce bari in nemi dabbar nan da kaina, in ga ko akwai ta. A Tudun Ƙofa Baffanki ya sayi akwati, ya kafa masa dogon gora a kan rufi yana kamo Jos. Na je da la'asar na ce wa matarsa na zo gaisuwa, na zauna cikin yara. Na koma washegari, na sake komawa. Na ga kare mai tuƙa mota, na ga wani tsuntsu da dutse ya faɗo masa ya miƙe ya ci gaba da tafiya. Ba lema, ba buta, kuma duk ta hanci suke magana. Ran nan Alhaji ya shigo ya same ni a tabarma na kafa ido, ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ƙafata ce ta riƙe. Yanzu matan Tudun Ƙofa suna cewa tsufa ya mai da ni yarinya.

Sai yayanki ya zo ƙarshen wata. Na tambaye shi a gefe, ban ce ke kika tambaya ba. Bai ko yi tunani ba ya ce ya tuna, amma kwaɗo ne ba bushiya ba, kuma ba lema ba ce, faifai ne. Na ce da wane harshe yake magana. Ya ce Hausa mana. Har ya kwaikwayi dogon, ya shaƙe murya ya ce, "Wa ya cinye tuwon da na rufe?" Ya ce sai gajeren ya amsa daga ciki, "Ba ni ba ne, buta ce." Babban mutum mai 'ya'ya uku ya tsaya tsakar gida yana dariya shi kaɗai.

To ni yanzu ban san ko in ji sanyi ko in ƙara tsorata ba. Ko dai akwai dabbar, ko kuwa ku biyun ne abin ya taɓa.

An ce mini Dokas ta koma garinsu Panda tun rasuwar mijinta. In an gama noman fari zan je. Ita ce mai akwatin.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Innarki

*

Fatakwal
10 ga Yuni, 1980

Inna,

Lafiyata lau, wallahi lafiyata lau. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Motar Godfrey ce ta lalace a Makurɗi, daga can aka juya shi ɗaukar siminti, kwalbar rubutu ta yi ta yawo da shi a ƙarƙashin kujera.

Na karanta ta farko na yi dariya har abin cikina ya motsa. Inna, ba aljani ba ne. Tunani nake nufi, irin yadda waƙa ke maƙale wa mutum. Amma na sha rubutun, na shafa a kunnuwa, na ba Baban Madina ragowar tunda shi ne ba ya jin magana.

Ki gaya wa Yaya bushiya ce. Kwaɗo ina ya ga tumbi mai gashi? Amma maganar tuwon nan haka take, da na karanta sai da tsigar jikina ta tashi.

Labarin Madina ba daɗi. Ta iya zo, ta iya a'a, kuma a'a ta fi amfani da ita. Ƙanwar Babanta ta rubuto daga Legas cewa ta gyara mata gado. Saura wata huɗu.

Ki gaida Maman Boaz, ki ce yarinyar da ta fasa mata tulu tana gaishe ta.

Zulaihatu

*

Unguwar Yara, Keffi
6 ga Yuli, 1980

'Yata Zulaihatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode Allah da lafiyarki. Mu ma lafiya, muna shirin azumi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, don takardar nan doguwa ce, kwana biyu na yi ina rubuta ta.

Na je Panda ranar kasuwarsu, a bayan akori-kura, ni da buhunan gishiri. Dokas ta tsufa, haƙoranta na gaba sun tafi, amma dariyar tana nan. Ta rungume ni muka yi kuka, na yi mata ta'aziyyar Malachi da ban samu yi ba. Ta ce tulun da kika fasa ta yafe, amma ki aiko da sabo. Boaz yana aikin asibiti a Akwanga.

Akwatin yana nan a ɗakinta, an rufe shi da ƙyalle mai saƙa, hoton Malachi a kai. An cire bayansa, kaza ce take kwanci a ciki.

Da muka ci abinci na kawo maganar. Na ce yarana biyu sun dage wai a akwatin nan sun ga zane yana Hausa, da wani Ubale da wani Akawu. Dokas ta ajiye kofin ruwa ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Hauwa, da gaske kike tambaya ko wasa?" Na ce da gaske, daga Keffi na taso. Sai ta fara dariya har ta kwanta a tabarma, kazar ta tsorata ta yi ƙara daga cikin akwati. Dokas ta nuna ta ta ce, "Kin ji? Wannan ce murya ta farko da akwatin nan ya yi tun shekarar da aka saye shi."

Ashe bebe ne, Zulaihatu. Satin da Malachi ya kawo shi aka yi tsawa, muryar ta mutu, hoto kawai ya rage. Shi Malachi in za a yi labarai sai ya kunna rediyo a gefe. Ku yara kuwa in zanen ya fito sai ku yi ta faɗa, wannan ya ce kaza aka ce, wancan ya ce ƙarya ne, har a kai ga duka. Dokas ta ce ran nan ina zaune bayanku kan turmi a kife, da tiren agushi a cinya, da na gaji da rabon faɗa sai na shaƙe murya na yi magana a madadin dogon. Kuka yi tsit. Daga ranar kullum ni ce. Ta ce yaro in ya kafa ido a akwati ko gobara ake ba ya waiwaya, shi ya sa ba wanda ya taɓa juyowa ya ga bakina.

Na ce to sunayen fa. Ta ce Akawu mijinta ne, don dogo ne kuma kullum yana neman abin da ya ajiye, shi ma ya sani, yakan tsaya a ƙofa yana murmushi. Ubale kuwa, a shekarar ne Baffanki ya zo Kaduna neman aiki ya sauka wurinmu, kuma duk tuwon da na rufe wa babanku sai in tarar da kwano. Wannan ya tsaya tsakanina da ke.

Duk da haka ban gama yarda ba, sai na ciro takardarki na karanta mata gurzo gurzo dawa, yadda nake karatu, a hankali. Ta ce ba haka ba ne, ba a karanta shi. Ta durƙusa kamar mai niƙa, ta tura hannu gaba ta jawo, ta rera:

Gurzo gurzo dawa,
baƙo na bakin ƙofa,
in ya ci ya ba mu labari,
in bai ci ba mu ci namu.

Kafin ta kai layi na biyu bakina ya riga ta. Waƙar niƙan uwata ce, kakarki da ba ki sani ba. Da ita na tashi kowace asuba. Tun da injin niƙa ya zo unguwarmu muka jingine dutse, ban sake rera ta ba. Na gan ta a takarda ban gane ta ba, kamar ka ga mutumin da ka sani kwance an lulluɓe shi. Na zauna a ɗakin Dokas na yi kuka mai daɗi.

Na tambaye ta dabbar bushiya ce ko kwaɗo. Ta ce ita kullum alade take gani.

Saboda haka kada ki rubuta wa gidan talabijin, ba su da shi. Ga abin da za ki yi. In zanen ya fito, ki murɗe muryar akwatin gaba ɗaya. Ki zauna bayan Madina, ba gabanta ba, ki riƙe wani aiki a hannu. Kada ki ce mata ga Hausa ki koya. Ki bar dabbobin su yi. In wani ya faɗi, ya ce wayyo cikina. In ya gudu ya gaji, ya nemi ruwa. In ya shiga gidan wani, ya yi sallama.

Waƙar kuma ba zan sake ba takarda amanarta ba. Yayanki ya bar mana rediyo mai kaset, na sa Malama Caroline ta nuna mini inda ake dannawa. Na cika kaset ɗin gaba da baya da Ubale da Akawu. Tarin da za ki ji na babanku ne, zakaran kuma na maƙwabta.

Innarki,
Hauwa'u

*

Fatakwal
24 ga Agusta, 1980

Inna,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, ciki ya fito sosai.

Na sa kaset ɗin ni kaɗai a ɗaki. Da Akawu ya buɗe baki sai na koma 'yar shekara shida, ina jin ƙamshin man da Maman Boaz ke shafa wa Boaz a kai. Shekara goma sha biyar ina ɗauke da muryar nan, ban san ta wadda ta haife ni ba ce. Baban Madina ya saurara ya ce to ai shi bai yi ƙarya ba, Bature bai zana Ubale ba. Na ce ni ma ban yi ba.

Ranar farko da na kashe murya Madina ta yi birgima. Na ce mata akwatin mura yake yi. Na zauna bayanta da tsintar shinkafa na fara, amma Inna abin ba sauƙi. Kafin in samo abin da kare zai ce, ya riga ya faɗa rami. Ban san yadda kika yi ba da agushi a hannu. Da na gaji sai na ɓoye rediyo bayan kujera na sa kaset ɗinki. Maganar ba ta dace da hoton ba ko kaɗan, ita kuwa ko a jikinta. Duk mai tumbi Ubale ne, duk dogo Akawu.

Yanzu ni da ke muke karɓa-karɓa. Ta iya salamu alaikum, ta iya a ba ni ruwa. Wayyo cikina kuwa har ta yi yawa, tana faɗa ko an ce ta yi wanka. Shekaranjiya Babanta ya buɗe kwanonsa ya ga an taɓa naman, sai muka ji daga ƙarƙashin tebur, "Ba ni ba ne, buta ce." Ya ajiye cokali ya yi ta dariya har da hawaye.

Ya rubuta wa ƙanwarsa cewa a dakata. Zai kawo ta Keffi kafin Babbar Sallah, ni likita ya hana ni doguwar tafiya. Amma ya ce in faɗa miki gaskiya: jin kaset daban, ganin mutum daban. In ta yi irin kukan bara, ba zai iya barin ta ba, zai juyo da ita.

'Yarki,
Zulaihatu

*

Unguwar Yara, Keffi
22 ga Oktoba, 1980

'Yata Zulaihatu,

Barka da Sallah. Ina fata kina lafiya, kina kuma cin abinci. Mu nan lafiya, mun yi layya, na soya miki naki yana cikin gwangwanin madara. Maigidanki zai ba ki labari, amma namiji ne, zai gajarta. Ga yadda aka yi.

Sun iso da la'asar ana jibi Sallah. Da suka yi sallama na fito, tana ganina ta shige bayan wandon ubanta ta riƙe gam, leɓenta ya fara rawa. Na ga ya dube ta, ya dubi motar da ta kawo su. Hannuna ya so ya miƙa kansa, na hana shi.

Na riga na sa an ciro dutsen niƙa daga bayan rumbu, an wanke shi. Na gaisa da maigidanki, na sa aka kai masa ruwa, ban ko kalli inda take ba. Na juya mata baya na durƙusa na zuba dawa. Gwiwoyina sun yi ƙara, amma na tura na jawo na fara gurzo gurzo dawa.

Ban waiwaya ba, babanku ne ya gaya mini abin da ta yi. Ta saki wandon. Ta je ta ɗaga gefen tabarma. Ta leƙa bayan turmi, ta buɗe kwandon wanki. Rediyo take nema. Da ba ta samu ba sai ta zagayo gabana ta tsuguna, ta kafa wa bakina ido. Na kai in bai ci ba mu ci namu, na yi shiru. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa leɓena ta ce, "Ubale yana ciki?"

Na shaƙe murya na ce, "Wa ya cinye tuwon da na rufe?"

Ta ce, "Ba ni ba ne, buta ce." Ta faɗa jikina, muka ɓata dawar duka.

A daren a kan ƙaramar tabarmar ta kwanta, kafin asuba ta hawo gadona. Maigidanki shi kaɗai zai hau mota gobe. Da ya zo yi mini sallama ya ce, Inna, ga amana. Na ce ai tun bara nake jiran ta.

Abu ɗaya ne ya kusa tona mini asiri. Ranar Sallah Baffanki ya zo da babbar riga, lokacin azahar ya yi ya tsuguna alwala. Matarsa ta ce Madina zo ki gaida Baffa Ubale. Yarinyar ta tsaya ta dubi tumbinsa, ta dubi butar da ke hannunsa, ta sake dubansa, ta ce, "Yaya ka fito?" Alhaji ya ce daga ina. Babanku, wanda ashe ya saurari kaset ɗin fiye da yadda na zata, tari ya kama shi sai da aka buga masa baya. Ni na shige ɗaki neman abin da ban ajiye ba. Alhaji ya ba ta goron Sallah ya ce yarinyar akwai kaifin baki, gidansu ta biyo.

Na tambayi maigidanki abin da ta faɗa bara da aka ƙi fassara mini. Ya yi ta sosa kai, sannan ya ce cewa ta yi tsohuwar nan ba ta iya magana ba. To, yanzu mun shirya.

Ke dai ki kula da kanki, in naƙuda ta zo a buga wa yayanki waya a ofis. Maganar mayar da Madina kuma kada a yi gaggawa. Arba'in ba ta isa mace ta warke ba, ki tambayi kowa.

Zagayen da za ki gani a ƙasan takardar ba kuskurena ba ne, ita ta ƙwace fensirin. Na tambaye ta ko buta ce. Ta ce a'a, Kaka ce, da baki a buɗe.

Innarki,
Hauwa'u